Ɗamarar da Na Warware

Jiya da rana muna cin abinci a wurin aikinmu da ke Villeurbanne, gefen birnin Lyon na Faransa, sai wata abokiyar aikina Bafaranshiya ta fito da wata ƴar ɗamara mai zif ta ajiye a kan tebur. Hutu za ta ɗauka ta yi tafiyar ibadar nan tasu ta Kirista, wadda ake takawa a ƙafa har cikin Sifen. Damuwarta ɗaya ce: ta cika ɗamarar da tsabar kuɗi, ko katin banki ya wadatar? Aka yi ta musu. Wani ya ce ƙauyukan hanya ba duka suke karɓar kati ba, wani ya ce yawo da tsaba gayyatar ɓarawo ne. Da aka juyo kaina sai na ce shinkafa ce ta shaƙe ni, na tashi. A banɗaki na yi kukana, na wanke fuska na dawo.

Mai karatu, bari in gaya maka abin da na kasa gaya musu.

A gidanmu na Damagaram ma akwai ɗamara, amma ba ta da zif. Farin saƙi ne aka ninka uku aka ɗinke, tsufa ya mayar da shi ruwan ƙasa. Ta kakana ce, mahaifin Babana, wanda ya je Makka a ƙafa. Shekara bakwai ya yi tsakanin tafiya da dawowa. Ya yi noma a gonakin mutane a Chadi, ya tsinki auduga a Sudan, in ya ɗan tara guzuri ya ƙara gaba. Kafin ya tashi, kakata ta jera tsabar azurfa a cikin saƙin nan ta bi su da ɗinki ɗaya bayan ɗaya, don kada su yi ƙara a ji.

Duk ƙarshen damina, idan gyaɗa ta fara shigowa gida, kakata takan buɗe adakarta ta shanya kaya saboda danshi. Har yau ina jin warin ɗamarar nan a hancina, turaren wuta da tsohuwar zufa. Idanun tsohuwa sun yi rauni, don haka ni ce mai zura mata zare. Sau ɗaya nake zurawa ya shige, in yi ta taƙama. Ita kuma ta bi inda ya saki ta gyara, da ɗinki ƙanana kamar ƙwayar gero. Kakana yana kishingiɗe a gindin tsamiya yana tsokanata, wai shi ya fasa auren amaryar da ba ta iya komai ba sai zura allura.

Wata rana yana ba mu labarin yadda ya kwana biyu a hanya bai sa komai a bakinsa ba, sai na ce, "To kai da azurfa a ƙugu, me ya hana ka sayen abinci? Rowa?"

Na ɗauka zai yi dariya. Bai yi ba. Ya tashi zaune ya ce, "Amarya, wannan ba kuɗin ciki ba ne, kuɗin ranar faɗuwa ne. Matafiyi in ya faɗi a ƙasar da ba tasa ba, a ɓarke ɗamararsa a biya wanda ya ɗauke shi, a sayi likkafani. Ba a shimfiɗa masa zane a ƙofar masallaci ana neman taimako."

Ya ce haka suka yi wa abokin tafiyarsa a wani ƙauye kusa da teku, kuma ko sisin wani bai shiga kabarin mutumin ba. A lokacin ban fahimta ba. Shekaruna bakwai, hankalina yana kan gyaɗar da ake soyawa.

Da kakana ya rasu, ɗamarar ta koma hannun Babana. Azurfar an daɗe da raba ta gado, sai Innata ta riƙa ɗinke takardun kuɗi a madadinta. Ko Maraɗi Baba zai je, sai ya ɗaura ta a ƙarƙashin riga. Shi dai mutum ne da ba ya roƙo. Ko gishiri ya ƙare a gidanmu, gara a ci miya lami da a aika maƙwabta. Mu yara mun sha jin haushin wannan hali, amma a haka muka tashi muka gan shi.

Na yi karatu, na zo Faransa, na samu aiki. Shekara uku da suka wuce na kawo Baba Lyon aka yi masa aikin yanar ido. Da ya warke na biya masa Umra tare da wani ayarin mutanenmu da zai tashi daga Paris, a ƙarƙashin wani Alhaji ɗan Garwa mai sayar da yadi a wajen Porte de la Chapelle. Ana jibi tafiya muka isa Paris, muka shiga kasuwar Barbès neman takalmi. Cunkoso, jirgin ƙasa yana ruri a kan gadar da ke samanmu, wata mata tana ihu an zare mata waya. Na lura hannun Baba bai bar ƙugunsa ba. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata ai wannan shi ne nuna wa ɓarawo hanya.

Da muka koma masauki na tasa shi gaba da bayani, irin na wadda ta yi boko take ganin ta gama sanin duniya. Na ce yanzu ko'ina kati ake amfani da shi, in ya ɓata a toshe shi, kuɗi suna nan. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, bai taɓa iya yi mini musu ba.

"To, Uwata, yadda kika gani," in ji shi. "Amma ki sa katin a cikin ɗamarar ki ɗinke."

Na sa reza na warware ɗinkin Innata, na kwashe kuɗin na zuba a kati. Na ɗinke katin a gurbinsu da irin ɗinkin kakata, na sa shi ya haddace lambobi huɗu kamar ɗan makaranta. Har ina jin daɗi na yi dabara.

Sauran labarin a bakin Alhajin na ji shi. Bayan sun gama Umra, Baba ya ce shi ba zai shiga motar ziyara ba, a ƙafa zai je Arfa, ya taka inda mahaifinsa ya taka. Alhajin ya bi shi da gorar ruwa kawai. Kuɗin kashewarsu duk suna masauki, don Baba ya dafa ƙugu ya ce akwai tanadi. Sun yi nisa rana ta ɗaga, sai Baba ya durƙushe a gefen titi. Aka tare wata mota, direba ya faɗi kuɗinsa zuwa asibiti. Baba, cikin jiri, ya ce, "Ku ɓarke ɗamarar."

Alhajin ya sa haƙori ya ɓarke. Kati ya faɗo. Direban ba shi da na'urar karɓar kati, kuma ba ko banki ɗaya a kusa. Wasu masu ziyara suka tsaya, wani bawan Allah ya cire hularsa ya zagaya da ita, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa. Idon Baba biyu, idon da na kashe kuɗi aka gyara, ya ga komai tar.

"Alhaji," ya ce, "bara ake yi a kaina?"

Kwana uku ya yi a asibiti. Mun yi waya sau ɗaya, ya ce, "Uwata, kada ki damu, jiki da sauƙi." Bai ambaci ɗamara ba, ko da kalma ɗaya. A Makka aka binne shi. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce Baba ya dace, kuma na san ya dace. Amma da na je Porte de la Chapelle karɓar jakarsa, Alhajin ya miƙo mini ɗamarar a yage, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, amana ce in faɗa miki yadda aka yi." Na so a ce bai faɗa ba, na kuma gode da ya faɗa.

Yau ni kaina da waya nake biyan kuɗin burodi, sai in yi sati ban taɓa tsaba ba. Duniyar ta tafi inda na ce za ta tafi, ban yi ƙarya ba. Kuskurena shi ne na ɗauka kuɗi ne kawai a cikin ɗamarar nan.

Da safen nan na tare abokiyar aikina na ce ta tafi da katinta, amma ta ware wasu takardu ta ɓoye, kada ta ci abinci da su ko yunwa za ta kashe ta. Ta tambaye ni na mene ne, na ce na wanda zai ɗauke ta in ta faɗi. Ta yi dariya, da ta kalli fuskata ta daina.

Da na dawo gida na ciro ɗamarar daga akwati, na jera sababbin takardu a ciki, na ɗauko allura. Ga hasken rana ta taga, ga tabarau a idona. Na fi rabin awa ina ƙoƙarin zura zaren, ni da nake zurawa sau ɗaya, ya ƙi shiga.