Sadakar da Ta Haura Katanga

Duk wanda ya zauna a layin su Hajiya Batulu a unguwar Levenshulme ta Manchester ya san abu biyu game da ita: ba ta karɓar a'a, kuma ba ta shiga gidan mutum hannu rabbana. Ungozoma ce da ta yi ritaya, 'yar gajeruwa, murya kamar ta mutum uku.

Tun suna Sparkbrook a Birmingham mijinta Sunusi ya sayo wata shuka mai yaɗo a kasuwa, wai ita honisakul, saboda ƙamshin da take yi da magariba. Da aiki ya dawo da su Manchester, sai da ya yanko reshenta ya riƙo a cinya har gida. Bayan Allah ya yi masa rasuwa, Batulu ta ƙudura cewa wannan shukar ita ce sadakarsa mai gudana. Ta dinga yankan rassa tana bi gida-gida da su kamar rabon naman layya. Wa ya isa ya ƙi?

Ashe irin Japan ce, ba ta san iyaka ba. Ko da hunturu ba ta zubar da ganye, kuma duk inda reshe ya taɓa ƙasa sai ya yi saiwa. Kafin a ankara ta haura katangu, ta cinye lungun bayan gidajen.

Bethany, maƙwabciyarta ta hannun dama, ita ta fara ƙwanƙwasa ƙofa. Ta ce shukar na kashe sauran tsirrai, ya kamata a cire, a sa irinta ta asalin ƙasar nan mai jajayen 'ya'ya, wadda ba ta da wannan haɗamar. Batulu ta kalle ta sama da ƙasa, ta ce, "Sadakar mijina ce." Ta rufe ƙofa. Ranar ko abinci ba ta iya ci ba don takaici.

Ɗanta Ubaidullah, akanta a Birmingham, ya bugo waya. "Umma, kafin su kai ki council, hukumar gari, bari in turo mai feshi ya gama da ita. Ke kuma ki dawo wurinmu ki huta."

"Guba? A kan shukar ubanka? Lallai ka ƙoshi," in ji ta, ta kashe wayar.

Washegari ta fita shanya, ta hango Bethany ta saman katanga da ɗan almakashi, tana fama da wata bishiyar tuffa. Yaɗon ya nannaɗe ta har ya shige cikin ɓawo, rabin rassan sun bushe. Matar tana yanka tana share hawaye da bayan hannu.

"Ke, a kan itace kike kuka?" Batulu ta tambaya.

"Shekarar da ɗana Ethan ya rasu na dasa ta," in ji Bethany.

Batulu ta ajiye shanyar. Ta shiga gida ta ɗaure ƙugu da mayafi, ta fito da shebur.

Ba ta nemi afuwa ba, wannan ba halinta ba ne. Gida-gida ta sake bi, yadda ta raba haka ta karɓe. Ta tono, ta finciko, gwiwoyinta na ƙara, tana mita da Hausa, Turawa na miƙo mata shayi. Duk inda ta cire sai ta dasa ta ƙasar nan. Wani dattijo ya ce shi dai ya gaji da shuke-shuken kyauta. Ta tsaya masa a bakin ƙofa da tukunyar shuka a hannu har ya matsa ya ba ta hanya.

Uwar shukar, wadda Sunusi ya dasa da hannunsa, ita ta bari ƙarshe. Ranar Asabar Ubaidullah ya iso, ya tarar da ita durƙushe a gindin, saiwar ta kusa kaurin damtsenta. Fuskarta sharkaf, ba ka ce gumi ne ko hawaye ba. Abin ya yi mata ciwo, ba ta kuma ɓoye ba.

"Umma, ita ma?" ya ce a hankali. "Ki bar wannan ɗaya mana. Kawo shebur ɗin."

Ta ƙanƙame shebur ɗin, ta hana.

"Ubanka bai taɓa shaƙe maƙwabci ba yana raye," ta ce. "Ba zai fara yanzu ba."

Ta miƙe, ta ɗora ƙafa a kan shebur, ta danna da dukkan nauyinta.