Tarihin Bonkar Ba-Kai, Masassaƙin Lebda

Haihuwarsa

An haifi Bonkar ɗan Balsillek a birnin Lebda da ke bakin teku, a shekara ta 880 da kafuwar Rum, a unguwar masu matse zaitun. Mahaifiyarsa Namgidde ta sha bayar da shaida cewa tun yana rarrafe, in aka ba shi gurasa, sai ya yi wa gurasar ido da hanci kafin ya ci.

Koyon sana'a

A shekara ta 892 aka miƙa shi ga Zosimos Bagirke domin ya koyi sassaƙar farin dutse. Bisa al'adar sana'ar, 'yan gari jiki kaɗai suke sassaƙawa, su bar rami tsakanin kafaɗu, shi kuwa kai daga ƙetaren teku ake odarsa wurin gwanayen Girkawa, in ya iso a dasa. Bonkar ya ƙware a ninkin mayafi har mutum kan so ya taɓa ya ji ko ulu ne, amma ba a taɓa ba shi izinin sassaƙa ko da kunne ba. Abokai suka laƙaba masa Ba-Kai. Yakan yi dariya tare da su, alhali sunan na ci masa rai matuƙa.

Aurensa

A shekara ta 905 ya auri Arishat, mai sayar da miyar kifi a kasuwa, mace mai dogon hanci da wushirya, wadda bakinta bai san hutu ba. Ita kaɗai ta san cewa duk guntun dutsen da aka yar yakan kawo gida ya gwada fuska a kai, kuma ko wa ya nufa, ita ce ke fitowa. Takan ce masa da ma sadakin ya bayar da yawa haka.

Shekarar rabi

Zosimos ya rasu a shekara ta 913, Bonkar ya gaji wurin aikin. Bayan shekara biyu majalisar birni ta ba shi aikin gunkin Uwar Sa'a da za a kafa a kasuwa, bisa sharaɗin in ranar idinta ta zo bai tsaya ba, an raba shi da aikin birni har abada. Ya gama jiki, ya aika wasiƙa ƙetare cewa tsawon kai rabi ne. To, a Lebda in an ce rabi, rabin kamu ake nufi, irin na kakanni. Can kuwa da ƙafar Rumawa suke awo. Saura kwana tara idi jirgi ya iso, aka buɗe akwati, sai ga kai ɗan mitsitsi. Da aka ɗora shi kan kafaɗun nan, kamar an aza ƙwai a bakin randa, 'yan dako har da faɗuwa don dariya.

Bonkar ya koma gida ya faɗa wa matarsa abin da ya faru. Arishat ta saurare shi, ta rufe tulunan miyarta, ta zauna kan turmi ta ce, "Maigida, ga kaina nan kyauta, shekara goma kana satarsa. Ɗauko guduma." Kwana takwas ya yi yana aiki, kuma masu tarihi sun tabbatar cewa shi ne shiru mafi tsawo da ta taɓa yi.

Ranar idi aka yaye ƙyallen da ya rufe gunkin. Nan take wata tsohuwa ta ce ai wannan mai miyar kifi ce, jama'a suka kece da shewa. Shugaban majalisa ya daɗe yana duban gunkin, daga bisani ya yanke hukunci cewa Sa'ar Lebda ta fi dacewa da hancin Lebda. Bonkar ya yi kukan murna a bainar jama'a, bai ɓoye ba.

Ɗaukakarsa

Daga shekara ta 915 har tsufansa ya sassaƙa kawuna sittin da huɗu na alƙalai da attajirai, kuma matansu sun sha ƙorafi a kan hancin. Sunan Ba-Kai bai bar shi ba, sai dai yanzu shi da kansa yake rubuta shi a ƙasan aikinsa.

Rasuwarsa

Ya rasu a lokacin tsinkar zaitun na shekara ta 956, yana da shekara saba'in da shida, aka binne shi a maƙabartar da ke gefen hanyar yamma. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Mutumbal magini, Saturnina, Imilko mai aikin jirgin ruwa, da Zabda, wanda ya gaji gudumar. An tarar ya riga ya sassaƙa jikin mutum-mutumin kabarinsa, ya bar ramin kai. Zabda ya yi wata biyu yana sassaƙa fuskar mahaifinsa, da aka dasa sai ga dogon hanci da wushirya. Ya nemi ya sake, Arishat ta hana.

"Ku bar shi haka," in ji ta. "Dama tun yana da rai ni ce a kansa."