Hoton Kawu a Gidan Tarihin Biy

Kawuna ya daɗe yana aiki a wata ƙaramar masana'anta a kudancin Lyon ta ƙasar Faransa, inda ake yin biy, ƙananan ƙwallayen nan da yara ke harbawa da babban yatsa. Nasu na yumɓu ne. Ana zuba 'yan ƙwayoyi cikin tukunyar ƙarfe mai juyawa, a riƙa yayyafa ruwa ana barbaɗa garin yumɓu, su yi ta girma a hankali. In ruwa ya yi yawa su manne, in ya gaza su tsage. Kawu da kunne yake gane lokacin ƙarawa.

Sa'ad da na zo karatu na sauka wurinsa a Rillieux-la-Pape, biy na gilashi masu araha sun riga sun kashe kasuwar. Aka rufe masana'antar, aka mai da ita gidan tarihi. Masu tsarawa suka tara tsofaffin ma'aikata suna ɗaukar muryarsu. Ina wurin aka tambayi Kawu aikinsa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ban iya komai ba, taimakon shef kawai nake yi."

Haka aka rene shi a Damagaram. Mutum ba ya yabon kansa, sai na kusa da shi ya ce a'a, ba haka ba ne. Shef ɗin, wato shugabansu na wurin aiki, yana zaune kusa da shi. Ya gyaɗa kai kawai.

Da aka buɗe gidan, ga hotonsu su biyu a bango. An rubuta cikakken sunan shef, gwanin tukunya. Ƙarƙashin Kawu an sa "wani mataimaki". Kawu ya karanta ya wuce. Daga baya ya koma Paris, ya kama aiki a wani shagon kayan abinci a Château Rouge. Na rubuta wa gidan tarihin wasiƙa sau biyu a gyara. Shef da kansa ya amsa mini cewa ai mutumin ne ya faɗa da bakinsa.

Na yi shekaru ina jira. Da na ji shef yana nuna wa baƙi aikin tukunya ranar Asabar, na je sau uku na tsaya daga baya. Na lura biy da aka riga aka gama yake juyawa. A zuwa na huɗu na tabbatar shugabar gidan tana nan, ga baƙi cike. Cikin ladabi na roƙe shi ya nuna mana daga busassun ƙwayoyi. Ya kasa ƙi a gaban mutane.

Yana yayyafa ruwa na kira Kawu a waya, na ƙara sauti.

"Kawu, ina wuni."

"Lafiya lau, ɗana. Ina gajiya, ina mutanen gida..." Sai ya jiyo ƙarar tukunyar. "Wa ke kan tukunyar nan? Ce masa ya ajiye ruwan, ai ya jiƙa su da yawa. Yanzu za su dunƙule."

Na fassara da Faransanci, kalma bayan kalma, yadda na can baya ma zai ji. Aka tsai da tukunyar. Curi guda ne a ciki, kamar tuwon da ya kwana.

Shugabar ta tambaye ni wane ne a waya. Na kai ta gaban hoton na nuna mata.

Kawu ya yi mini faɗa da ya ji labari. "Ka tozarta dattijo, ɗana."

"Na tozarta shi, Kawu."

"Ba ka ji kunya ba?"

"Ban ji ba."

Bayan wata biyu aka sa sunan Kawu da aikinsa na gaskiya. Na nemi a cire kalmar gwani daga ƙarƙashin shef, shugabar ta ce abin ya isa haka. A ranar na sake rubuta mata wasiƙa.