Bapa Derlin da Rodinsa

Shekara goma sha ɗaya ke nan, duk sanda ruwa ya ɗauke a bakin kogin Kahayan, hayaƙi ya rufe gari har ba ka ganin rufin maƙwabci, Bapa Derlin kan fita da hantsi. Jiƙaƙƙen tawul a hanci, rodi a kafaɗa. Zafi kamar an kife mu da tukunya, yara na tari a ɗaka, kowa ya toshe taga da zane. Shi kuwa yana gonakin mutane, ya soka ƙarfe a ƙasa, ya zare, ya shafa, ya wuce.

To wa zai ga haka ya kama bakinsa? Mun san ƙasarmu ruɓaɓɓen ganye ce da saiwa, in ta bushe daga ciki take cin wuta. Amma duk inda bawan Allahn nan ya tsaya, bayan kwana biyu hayaƙi ya ɓullo. Wa yake gaya masa? Aka ce shuka wutar yake yi. Aka ce masu gonakin manja ne suka turo shi. Ni ban ƙirƙira ba, na dai isar.

Bana Indu Mariak ta hango shi cikin itatuwan robarta, ɗari biyun da mijinta ya mutu ya bar mata, ba ta da wani abin ci sai su. Ta bi shi da adda a hannu.

"Bapa Derlin, me ka yar a gonata?"

"Ni ban yar ba, Indu Mariak. Ke ce kike shirin yarwa."

"Har gaya mini kake? An ce kai da wuta uwa ɗaya uba ɗaya."

"An ce da yawa. Taɓa nan."

Ya miƙa mata bakin rodin. Ta taɓa, ta ji zafi, ta fizge hannu tana yarfewa.

"Taku goma ya rage wutar ta kai saiwar farko," in ji shi.

"Wa ya kunna ta?"

"Rodi ba ya faɗin suna."

Kwana uku yana haƙa rami a gaban wutar har ya tarar da ruwa, ita tana kwashe ƙasa tana harararsa, don ba ta gama yarda ba. Itatuwa tara suka faɗi. Sauran suna nan, jiya ma ta tsaga su ta tari ruwan roba.

Yanzu ƙirjinsa fito yake yi, malamar asibiti ta hana shi shiga hayaƙi.

Bapa Derlin, kai ne kunnen ƙasa. Ka kare gonakin waɗanda suke cin namanka, ba ka taɓa zuwa ƙofar kowa neman ba'asi ba. Mun gode, Allah ya sassauta maka numfashi.

Ku kuma masu ƙirji lafiyayye, ku je ku koyi soka ƙarfen nan tun yana iya nuna muku. Za mu zarge ku, wannan dole ne. Ku dai fita.