Kwana Biyun da Na Hana Ta

A da, a ƙasarmu ta Gobir, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kuma nuna damuwa a kansa gaban mutane. Yanzu kuwa ina ganin ƙananan ma'aikatan jinya da hoton ɗan fari a fuskar wayarsu, suna nuna wa kowa.

Na yi aikin jinya a Yamai da Jidda kafin in dawo gida, aka ba ni shugabancin masu jinya a wani ƙaramin asibiti tsakanin Isa da Sabon Birni. A Jidda na saba ganin uwa tana kuka da kururuwa in ɗanta ya kwanta, har na koyi auna tsananin ciwo da fuskar uwa.

Wata bazara sanƙarau ya shigo, marasa lafiya har baranda. Wata ma'aikaciyata, mutuniyar Unguwar Lalle, wadda ba ta taɓa makara ba, ta same ni ina rubuta jerin masu aiki. Ta durƙusa.

"Hajiya, ki ba ni yau da gobe. Za ni gida."

"Mi ya faru?"

"Yarinyar nan da ke wurin innata, an ce jikinta da zafi."

Na dube ta. Ko gezau, har da ɗan murmushi.

"Ke ma dai! Duk Unguwar Lalle ba mai jiƙa mata magani sai ke? Bari sai Jumma'a."

"To, Hajiya," ta ce, ta koma kan aikinta.

Na san tana da ɗiyar fari da aka kai goyo wurin kaka. Ni kaina ɗiyar fari ce, innata har ta koma ga Allah ba ta ambaci sunana ba. Tambaya guda ta isa in gane ɗiyarta take nufi, amma takardata nake kallo.

Kwana biyu bayan haka aka kawo yarinyar bisa babur, wuya ya sanƙare. Uwar ta tsaya bakin ƙofa, ta kasa matsowa saboda idon mutane. Ni na sa wa yarinyar ruwa.

Na nemi gafarar uwar daga baya. Ta ce, "Haba Hajiya, haka Allah Ya rubuta." Ta ci gaba da gaishe ni da ladabi har na yi ritaya.

Yarinyar ta rayu, amma tun daga wannan ciwo kunnenta bai ƙara jin komai ba.