Tsakanin Mutum-mutumi da Gunki

Har yau idan na tuna tafiyar nan sai raina ya ɓaci, kuma wanda na fi jin haushi a cikin maganar ni ne.

Abokina mai zanen riga ne a Wudil. Shi yake zana aska takwas a jikin shadda kafin maɗinka su bi da zare. Tun muna yara muke tare; ni na bi boko har na samu kujera a wani ofis na jami'a, shi ya riƙe alƙalaminsa. Wata rana wani ɗalibi da ya kawo masa aiki ya nuna masa hoto a waya: mace ce aka sassaƙa da farin dutse a ƙasar Italiya, an lulluɓe ta da mayafi, mayafin ma dutse ne. Abokina ya kasa ci gaba da aiki ranar. Ya same ni a ofis ya ce, "Mutumina, shekara talatin ina fama da yadi, ban taɓa sa shi ya kwanta haka ba. Sai na je na gani da idona."

Na yi masa dariya. Mutumin da iyakarsa Kaduna! Amma da na ga da gaske yake, sai na ɗauki abin kamar nawa. Ni na cike masa takardun fasfo, ni na nemo masauki a Roma kusa da gidajen da ake ajiye irin waɗannan kayan, ni na rubuta masa abin da zai gani kowace rana. Neman biza ya kusa sa mu furfura. Karon farko ma'aikatan ofishin jakadanci suka hana shi, wai ba su gamsu zai dawo ba. Mutum mai shago, mai mata da 'ya'ya, mai gona a Indabo, me zai zauna yi a garinsu? Na zauna na rubuta musu wasiƙa mai zafi, na yayyaga, na sake rubuta mai ladabi. Karo na biyu suka ba shi.

'Yan majalisarmu ta bakin kasuwa kuwa ba su bar shi ya huta ba. Wannan ya ce mutum bai je Makka ba zai fara da ƙasar Fafaroma, wancan ya ce ci-rani zai gudu yana ɓoyewa. Duk na tare masa, don bakina ba ya mutuwa. Abin da ya rage kawai shi ne ya je Darki ya yi wa mahaifiyarsa sallama. Ya ce in raka shi, tunda na fi shi iya bayani.

Muka same ta da hantsi a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ƙanenta, wato kawunsa, yana zaune a kan buzu. Aka gaisa, aka tambayi iyali da gajiya da damina. Da ya faɗa mata zai yi tafiya, ba ta nuna damuwa ba. Ta ce, "To me za a gano a can ɗin?"

Abokina ya dube ni. Na gyara zama na ce, "Inna, zane-zane ne na mutanen da, da gine-gine, da kuma mutum-mutumi."

Sai kawun ya fashe da dariya har hularsa ta karkace. "Mutum-mutumi? Har Turai? Ai ga shi can a gonar gero yana korar tsuntsaye, ku je ku kalla kyauta, in kuna so ma ku tafi da tsumman." Inna ma ta yi dariya, ta ce yaran zamani sai addu'a. Wallahi da na yi shiru a nan, da ta sa masa albarka mun tashi. Dariya ce kawai. Amma ni, mai takardu, wata huɗu ina wahala, a ce tsohon da bai san inda Italiya take ba yana yi mana dariya? Zuciya ta ɗebe ni. Na so su san abin ba na wasa ba ne.

Na ce, "A'a Kawu, ba irin na gona ba. Na dutse ne, manya-manya, kamar dai gumaka."

Inna ta ajiye ƙwaryar gyaɗar. Kawu ya yi salati. Na shiga kame-kame, na ce ba bauta musu ake yi ba, kallo ne kawai, aikin hannu ne, amma magana zarar bunu ce. Inna ba ta ko dube ni ba. Ɗanta ta duba ta ce, "Ƙafarka ta farko a waje, wajen gumaka za ka kai ta? To ba da yawuna ba."

Sau uku muna komawa. Na kai wani malami ya yi mata bayani, ta saurare shi da ladabi, ta ba shi fura, ta ce ita dai abin da kunnenta ya ji ta ji. Na ji haushin Kawu da dariyarsa, na ji haushin Inna, na ji haushin Hausar ma da ta bar ni tsakanin tsumman gona da abin bauta. Na ce da abokina ya tafi kawai, in ya dawo ya roƙi gafara. Ya ce shi ba zai hau jirgi da fushin uwa ba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ko sau ɗaya bai ɗaga min murya ba. Da ya zage ni, da na samu sauƙi.

Ana saura kwana biyar tafiyar ya zo ofis ya ce in rubuta wa masu masauki cewa ba ya zuwa. Na buɗe shafin a kwamfuta. Akwai wani gurbi da suke tambayar dalili. Na ce, "Me zan rubuta musu a nan?"

Ya kalli allon, sannan ya ce, "Rubuta musu abokina ne ya taimake ni."