Shekarar da Na Niƙa Itace

Mangwaro tara Baba ya dasa a lambunmu na hanyar Zauro kafin ya rasu, dukkansu ba su wuce ƙuguna ba. Bazarar da ta biyo bayan ba mu sabuwar jiha, rijiyar lambun ta ja baya, har guga ya koma ɗebo laka. Sannan ga ma'aikata sun kwararo daga Sakkwato, kowa na neman filin gini. Yayana ya ce idan itatuwan suka bushe kafin damina, sayar da wurin za a yi. Ban ga laifinsa ba, amma raina ya ɓaci ƙwarai.

Ruwan da nake zubawa da safe, kafin azahar rana ta lashe shi. Na so in rufe gindinsu da tattaka, to masu shanu sun riga ni. Abin da ke zube a banza shi ne rassan dogon yaro da ake sassarewa a cikin gari don jan wayar lantarki. Sai dai reshe sukutum ba ya rufe ƙasa, dole a daddatse shi.

Na hau mota zuwa Argungu wurin wani mai walda da ke ƙera injin niƙa kara don dabbobi. Biyu na tarar, ɗaya mai guduma, ɗaya mai wuƙaƙe. Mai gudumar ne babba, shi mai waldar yake ta yaba mini, ni kuwa da ɗanyen reshena na je. Mai gudumar ya tauna ganyen, ya cushe, ya yi tsit. Mai wuƙaƙen, ƙarami mummuna, ya haɗiye reshen ya feso shi gutsi-gutsi. Shi na ɗauka, na haɗa shi da injin ban ruwanmu, wanda dama zaman banza yake yi.

Ranar farko Inna ta zo lambun, ta tsaya riƙe da haɓa.

"Wanga yaro, icce kaka niƙawa? Tuwo nai za mu ci?"

Maƙwabta kuma suka ce gara nake yi wa shimfiɗa. Wannan kam ya tsorata ni, shi ya sa na bar tazarar tafin hannu tsakanin ɓarzajjen itacen da jikin kowace bishiya. Injin ya yi ta ƙara, ɗacin dogon yaro ya cika mini baki, har shayi na daina jin daɗinsa. Biyu daga cikin itatuwan duk da haka suka bushe, na tumɓuke su ban gaya wa kowa ba.

Ana tsakiyar zafi Yaya ya zo da mai sayen fili. Mutumin yana ta auna wuri da ido, shi kuwa Yaya ya tsaya gaban wani mangwaro da ya yi sabon toho jajir. Ya durƙusa, ya cusa hannu ƙarƙashin shimfiɗar, ya damƙo ƙasa. Da danshinta, da tsakar rana.

Ya daɗe a durƙushe.

"Wanga, ni na riƙe ma Baba shi ran da ad dasa shi," in ji shi. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya dubi baƙon. "Alhaji, ka yi haƙuri, mun wahal da kai."

Sai a lokacin na zauna daɓas a kan tulin rassan.